Kwana 90 da Tafinta Mai Kara: Nazarin Horon da Na Yi a Wata Ƙungiyar Yahudawa a Amurka

Duk ɗalibin da ke karatun digiri na biyu a fannin aikin jin daɗin jama'a a Amurka, sai ya cika aƙalla awa 900 yana aiki a wata hukuma ko ƙungiya ƙarƙashin kulawar ƙwararre kafin a ba shi takardar kammalawa. Kason farko na waɗannan awoyi na yi shi ne daga watan Satumba na 2021 zuwa ƙarshen Afrilu na 2022, ranakun Talata da Alhamis, a wata ƙungiyar al'ummar Yahudawa mai hidimar iyali, wadda ba ta neman riba, a wani matsakaicin birni da ke tsakiyar ƙasar. Abin da zan bayyana a nan lamari ne guda ɗaya da ya faru a hannuna a wannan horo, game da wani iyali na 'yan gudun hijira, kuma na sakaya sunayen mutanen da na birnin domin sirrinsu amana ne da na sa hannu a kai.

Ba ni na zaɓi wurin ba, ofishin jami'a ne ya tura ni saboda na rubuta cewa ina son aiki da 'yan gudun hijira. Da na ga sunan ƙungiyar sai gabana ya faɗi, domin watanni huɗu kacal kafin nan aka yi yaƙin kwana 11 a Gaza, kuma hotunan da na gani ba su bar zuciyata ba. Na kira mahaifina na gaya masa. Ya tambaye ni irin aikin da ake yi a wurin, na ce ciyar da mabukata ne da kula da tsofaffi da sauke baƙi. Ya ce: "To, ka je, ka riƙe sallarka, ka riƙe gaskiya. Manzon Allah ya bar duniya sulkensa yana jingine a hannun Bayahude saboda sha'ir ɗin da ya karɓo wa iyalinsa." Ra'ayina game da haƙƙin Falasɗinawa bai sauya ba daga ranar zuwa yau, kuma a wata takwas ɗin da na yi babu wanda ya nemi in sauya shi. Na dai lura cewa su kansu ma'aikatan bakinsu bai zo ɗaya ba a kan manufofin gwamnatin Isra'ila, kuma kusan rabinsu ma ba Yahudawa ba ne.

Kafin a fahimci lamarin, sai an san irin gidan da ya faru a cikinsa. Tsakanin 1880 da 1924 Yahudawa sama da miliyan 2 suka shiga Amurka daga gabashin Turai, suna gudun talauci da farmakin da ake kai musu a daular Rasha. Da isarsu suka kafa ƙananan ƙungiyoyin taimakon juna, wata ta jana'iza, wata ta marayu, wata ta bashi marar ruwa. A 1895 Yahudawan birnin Boston suka haɗa neman gudummawar ƙungiyoyinsu wuri guda, ana tarawa sau ɗaya a shekara a raba, kuma wannan tsari ne ya bazu zuwa sauran birane. Ƙungiyar da na yi aiki da ita jikar waɗancan ce. Kuɗinta na zuwa daga gidauniyar shekara-shekara ta al'ummar garin, da kwangilolin gwamnati, da wasiyyar mamata, da kuma kuɗin da gwamnatin Jamus ke biya don kula da tsofaffin da suka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi. Kowace shekara tana miƙa wa hukumar haraji bayanin kuɗinta, har da albashin manyan shugabanninta, kuma kowa na iya neman wannan takarda ya karanta. Mafi yawan waɗanda ke cin gajiyar ɗakin abincinta da sashen 'yan gudun hijirarta ba Yahudawa ba ne.

Kalmar da na fi ji a bakinsu ita ce tsedaka. Kunnen Bahaushe zai ji ta kamar sadaka, kuma lalle tushensu ɗaya ne, amma a Ibrananci asalin ma'anarta adalci ne, wato abin da ake bin mai shi, ba abin da ya ga dama ya bayar ba. Ta wannan fuska ta fi kusa da zakka. A bangon ɗakin taro an liƙa matakai takwas na bayarwa da malaminsu Musa bin Maimun ya jera, mutumin da aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus, ya yi zamansa cikin Musulmi, ya rubuta yawancin littattafansa da Larabci, ya rasu a Masar a 1204. Mataki mafi ƙasa shi ne a bayar da ɓacin rai. Kusa da ƙololuwa akwai bayarwar da mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san mai bayarwa ba. Mafi girma duka shi ne a kama hannun mutum da rance ko jari ko aikin yi, har ya daina buƙatar kowa. Da farko na ɗauka ado ne irin na bangon ofis, sai daga baya na ga cewa fam ɗin da muke cikewa da yadda kwamiti ke zama duk a kan wannan jeri aka gina su.

Sauke baƙi kuwa yana da nasa tarihin a wurinsu. Attaura ta maimaita umarnin a so baƙo, tare da tunatar da Bani Isra'ila cewa su ma sun yi baƙunta a Masar. Sannan akwai tabon da ya fi kusa: dokar 1924 ta kusan rufe ƙofar Amurka ga mutanen gabashin Turai, kuma a 1939 jirgin ruwan St. Louis, ɗauke da mutum fiye da 900, mafi yawansu Yahudawa masu gudun Jamus, ya juya zuwa Turai bayan Kuba da Amurka sun ƙi sauke su, kuma 254 daga cikinsu suka mutu a kisan da ya biyo baya. Ƙungiyarmu tana karɓar 'yan gudun hijira ne ta hannun HIAS, tsohuwar ƙungiyar Yahudawa da aka kafa don taimakon nasu baƙin, wadda yanzu take yi wa kowa aiki. Wannan aiki ya jawo musu jini: mutumin da ya kashe masu ibada 11 a majami'ar Yahudawa ta Pittsburgh ranar 27 ga Oktoba, 2018, ya ambaci HIAS a rubutunsa na ƙarshe kafin harin. Shi ya sa kullum sai na danna ƙararrawa, mai gadi ya dube ni ta kyamara, kafin ƙofa ta buɗe.

Tsarin da muke aiki a ƙarƙashinsa ya samo asali daga dokar 'yan gudun hijira ta 1980. Gwamnati ce ke tantance mutum tun yana ƙasar waje, sannan ta miƙa shi ga ɗaya daga cikin ƙungiyoyi tara da take hulɗa da su a lokacin. Ƙungiya za ta tarbe shi a filin jirgi, ta kama masa gida, ta sa yara a makaranta, ta nema masa aiki, kuma wa'adin wannan hidima ta farko a lokacin kwana 90 ne. Kuɗin da ake warewa a wancan lokacin don a kashe wa kowane mutum kai tsaye dala dubu ɗaya ne da 'yan kai, sau ɗaya tak, kuma kuɗin jirgin da ya kawo shi rance ne da zai fara biya bayan wata shida. Na shigo a lokacin da sashen ya fi kowane lokaci jigata. An yi shekaru ana rage adadin da ake karɓa, daga 110,000 da aka tsara wa 2017 zuwa 15,000 da aka fara tsara wa 2021, ofisoshi suka sallami ma'aikata, sai ga shi Kabul ta faɗi a watan Agusta, aka kwaso 'yan Afganistan sama da 70,000 cikin 'yan makonni. Jami'ar da aka haɗa ni da ita, matashiya ce mai ƙwazo, tana riƙe da fayil ɗin iyalai da suka ninka abin da ya kamata mutum ɗaya ya riƙe.

A farkon Nuwamba aka kawo mana wani iyali na mutum bakwai daga wani sansani a gabashin Chadi: tsohuwa, da ɗanta mai kimanin shekara hamsin, da matarsa, da 'ya'ya huɗu. Daga kudancin Darfur suka gudu a 2004. Takardunsu sun ce harshensu Larabci ne, saboda haka aka shirya tafinta ta waya. Ranar da muka kai musu kayan gado, sai na ji tsohuwar ta ce wa jikarta: "Ke, matsa ki ba baƙo wuri." Na tsaya cak, na durƙusa na ce: "Iya, ina wuni?" Ta dube ni ta daɗe, sannan ta kama hannuna da hannayenta biyu ta fashe da kuka. Kakanninta na daga cikin Hausawan da suka bi hanyar Makka da ƙafa suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gari. Hausarta ta sha Larabci, amma Hausa ce tsantsa a ginin jimla da karin magana. Daga ranar na zama tafintan gidan ba tare da wani ya naɗa ni ba, kuma kowa ya ɗauki hakan a matsayin sa'a, har da ni.

A mako na biyu aka yi zaman da ya fi kowane zama muhimmanci, na bayanin kuɗi. Muna zaune a falonsu, tsohuwa a kan tabarma, maigidan da matarsa a gefe, yara suna leƙe. Jami'ar ta yi magana filla-filla kamar yadda aka koya mata. Ta ce ƙungiya za ta biya hayar Nuwamba da Disamba da Janairu, daga ranar 1 ga Fabrairu kuma shi zai riƙa biyan dala 1,250 duk wata, kuma idan bai biya ba, mai gidan yana da ikon kai shi kotu a fitar da su. Ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne: "Malam, ta ce su za su riƙe muku haya yanzu, har Allah Ya sa ka tsaya da ƙafarka." Ban ambaci wata ba, ban ambaci adadi ba, kotu kuwa ko kusa. Ya ce: "To, madalla, Allah Ya saka da alheri." Sai ta ce an samo masa aiki a wata masana'antar sarrafa nama, zai fara cikin mako biyu, kuma a wannan tsari ana sa ran mutum ya karɓi aikin farko da ya samu. Na ce masa akwai wani aiki da suke ganin ko zai duba. Ya ce: "To, in sha Allahu, za mu gani." Na juya na ce mata ya amince.

Babu Bahaushen da bai san abin da "za mu gani" ke nufi ba, kuma ni ma na sani. Ban yi hakan don rashin iya Turanci ko Hausa ba. Mutumin nan sa'an ƙanen mahaifina ne, kuma harshena ya ƙi ɗaukar maganar cewa za a iya watsa masa kaya waje, a gaban mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa, kuma a madadin yarinyar da ya haifi kamarta. Abin da aka raine ni a kai ke nan, cewa ba a kwance wa babba zani a kasuwa, kuma magana mai nauyi ana nannaɗe ta ne a miƙa, mai hankali ya warware da kansa. Amma nannaɗe magana yana aiki ne tsakanin mutanen da suka san ƙasar da suke tsaye a kai. A gida, idan aka ce wa magidanci "har ka tsaya da ƙafarka," ya san farashin haya, ya san halin masu gidaje, zai yi lissafinsa. Wannan bawan Allah kwanansa goma sha biyu a ƙasar, bai taɓa biyan haya da takarda ba, kuma ya fito daga wurin da hukumomin agaji suka yi shekara 17 suna ba da matsuguni ba tare da wa'adi ba. Babu abin da zai warware maganata da shi. Na ba shi kara, na hana shi labarin da rayuwar iyalinsa ta rataya a kai.

Alamu sun biyo baya, na kau da kai. Ranar fara aiki ta zo bai je ba, ya ce bayansa ke ciwo, aka ɗaga. Ranar ta sake zuwa, ya ce motar haya ta wuce shi. Jami'ar, wadda a makonnin nan take kwana tana neman gidaje ga 'yan Afganistan, ta rubuta a fayil cewa yana jan ƙafa, kuma irin wannan rubutu yana iya rage wa mutum tallafi. A cikin Disamba kuma ya aika wa ƙanensa da ke sansanin dala 400 daga ɗan kuɗin da aka ba su na kashewa, abin da duk mai zumunci zai yi idan ya tabbata rufin kansa ba ya cikin haɗari.

Abin da ya tona lamarin wata al'ada ce ta horon da nake ganin wahala ce kawai. Kowane mako sai ɗalibi ya zaɓi zama ɗaya ya rubuta shi kalma da kalma, a gefe ya rubuta abin da ya ji a ransa, sannan ya zauna awa guda da mai duba aikinsa. A farkon Janairu, da take neman dalilin da ya sa mutumin ya ƙi aiki, mai duba aikina ta ce in kawo rubutun zaman Nuwamba, in mayar mata da Hausar da na faɗa zuwa Turanci ba tare da gyara ba. Ta ajiye shi kusa da bayanin jami'ar, ta karanta biyun a hankali. Dattijuwa ce da ta haura shekara hamsin, mai ƙarancin magana. Ta cire tabarau ta tambaye ni: "A cikin abin da ka faɗa masa, ina ranar 1 ga Fabrairu?" Na ce babu. Ta ce: "Ina dala 1,250?" Na ce babu. Na fara bayanin al'ada da girman babba, ta bar ni har na kai aya.

Sannan ta ba ni nata labarin. Tana da shekara tara iyayenta suka fito daga Tarayyar Sobiyet a 1979, ta biranen Biyana da Roma kamar sauran Yahudawan da suka bi wannan hanya, kuma irin wannan ƙungiya ce ta sauke su. Ita ta fara jin Turanci, don haka ita ta zama bakin gidan a asibiti da banki. Mahaifinta injiniya ne da ya koma wankin kwanuka, kuma saboda tausayinsa takan rage kaifin abin da ake faɗa masa, har ranar da ya gane, ya ce mata ya fi son a mare shi da gaskiya a kan 'yarsa ta mayar da shi yaro. Ta ce: "Ba zan ce ka jefar da ladabinka ba, shi ya sa tsohuwar nan ta yarda da kai. Amma kai ka yanke wa mutumin nan hukuncin abin da zai iya ɗauka, kuma ba ka da wannan hurumi. Ka nemo yadda ake faɗin wannan magana a harshenku da mutunci, amma da rana da adadi a ciki." Ta ƙara da cewa laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, domin ita ce ta bar ɗalibi ya yi tafinta a zaman kuɗi ba tare da horo ba, kuma haka ta rubuta a rahotonta.

Saura kwana 26 a lokacin. Ranar Alhamis bayan magariba muka koma gidan da jami'ar. Na roƙi tsohuwa ta sallami yara zuwa ɗaki, na durƙusa a gabanta da ɗanta na ce: "Iya, Malam, na zo neman gafara. An ba ni saƙo in isar, na rage shi a hanya." Sannan na shimfiɗa kalanda a ƙasa, na zagaye ranar 1 ga Fabrairu, na rubuta adadin, na faɗi maganar kotu kamar yadda take. Maigidan ya yi shiru yana kallon takardar. Tsohuwar ce ta fara magana: "Ɗana, shekara goma sha bakwai ana auna mana hatsi. Ba mu taɓa jin haushin mai awo don ya ce ga abin da ya rage ba. Wanda ya cuce ka shi ne wanda ya ce buhu cike yake." Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta gama ta ce ta yafe.

Sai a daren ne dalilin ƙin aikin ya fito. Ashe ya je masana'antar sau ɗaya shi kaɗai, ya ga naman alade ake sarrafawa, ya juyo. Ya kasa faɗa ne saboda yana ganin rashin kunya ne mutanen da suka ba shi gida da abinci su nemo masa aiki ya ce bai so. Wato shi yana yi musu kara, ni ina yi masa kara, kuma tsakanin kararmu biyu wata biyu suka salwanta. Da na isar da wannan washegari, abin da ya ba ni mamaki shi ne babu wanda ya nemi ƙarin bayani. A gidan da ɗakin girkinsa ke da kwanukan nama dabam da na madara bisa ƙa'idar abincin addininsu, inda ake rufe ofis da wuri ranar Juma'a a lokacin sanyi don shigar Asabar, ranar hutun ibadarsu, inda hutun bukukuwansu ya cinye mini ranakun aiki huɗu a watan Satumba kaɗai, ba sai an yi wa kowa wa'azi a kan mutumin da ba zai taɓa alade ba. Mai neman wa mutane aiki ya ce da an gaya masa tun farko, da bai ko kai sunansa can ba.

Cikin kwana goma aka samo masa aiki a wani kamfanin wanki da guga da ke yi wa asibitoci hidima. Mai neman aikin, wanda ya saba yi wa Yahudawa masu kiyaye Asabar irin wannan ciniki, ya zauna da manajan a kan sallar Juma'a, ya tuna masa cewa dokar ƙasar ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya sassauta wa ma'aikaci a kan ibadarsa matuƙar ba zai cutu ba, aka amince ya riƙa fita da azahar ya rama awoyin da yamma. Albashin farko ba zai iso kafin ranar haya ba, don haka aka kai buƙatar ga asusun gaggawa da al'ummar garin ke tarawa. Na halarci zaman kwamitin, na ga cewa lambar fayil kawai ake karantawa, babu suna, babu ƙasa, babu addini, sai na ɗaga kai na dubi jerin Musa bin Maimun a bango. Aka biya rabin hayar Fabrairu. Aka cike wa tsohuwa takardun tallafin da gwamnati ke ba waɗanda suka kai shekara 65, wanda ɗan gudun hijira ke iya samu na shekara bakwai kafin ya zama ɗan ƙasa. A wannan tsakanin ne, ranar 15 ga Janairu, wani ɗan bindiga ya yi garkuwa da mutane a wata majami'ar Yahudawa a jihar Texas. Ranar Talata na tarar an ƙara mai gadi, fuskoki a gajiye, amma ba a ɗage ko zama ɗaya na iyalin nan ba.

Idan na auna lamarin yanzu, ina ganin kuskuren hawa uku ne. Nawa shi ne mafi kusa, kuma ba na neman rage shi. Na biyu na tsari ne: an ɗauka cewa jin harshe ɗaya yake da iya tafinta, alhali tafinta sana'a ce mai ƙa'ida, kuma ɗan gida ya fi bare shiga haɗarin karkata magana saboda yana jin nauyin fuskokin da ke gabansa. Ƙungiyar ta gyara wannan kafin in tafi. Ɗalibi ba ya ƙara yin tafinta shi kaɗai a zaman kuɗi ko na lafiya, ana ba kowane iyali kalanda mai ranaku da adadi, kuma a ƙarshen zama ana roƙon magidanci ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa. Hawa na uku ya fi ƙarfin ƙungiyar, shi ne wa'adin kansa. Kwana 90 ba su isa mutumin da ya yi shekara 17 a sansani ya koyi harshe da hanya da kuɗi ba, kuma abin da wannan gaggawa ke haifarwa shi ne a tura kowa aikin farko da ya faɗo, ko da makeri ne ko malamin makaranta. Abin da ya ceci iyalin nan ba kuɗin gwamnati ba ne, kuɗin da al'ummar garin ta tara ne ya cike giɓin, kuma ba kowace ƙungiya ke da irin wannan gata a bayanta ba.

Akwai asarar da ba a mayar ba. Babban ɗansu, mai shekara 18, yana da niyyar shiga ajin manya ya samu takardar sakandare. Da ya ga lissafin da ke kan kalanda, ya ajiye wannan niyya ya kama aikin dare a wani sito. Mai duba aikina ta ce mai yiwuwa da hakan ta faru ko da ban yi kuskure ba, domin albashi ɗaya ba ya riƙe mutum bakwai. Wataƙila haka ne, amma da mahaifinsa ya fara aiki tun Nuwamba, da sun shiga Fabrairu da ajiyar wata biyu, kuma da yaron ya yi zaɓinsa ba da tsoro ba.

Watan ƙarshe na horona ya zo da azumin Ramadan, wanda ya fara a farkon Afrilu, kuma a tsakiyarsa Idin Ƙetarewa na Yahudawa ya shigo. A ɗakin abinci muna cika kwalaye iri biyu, ɗaya da gurasa marar yisti ga tsofaffin da suka tsira daga 'yan Nazi, ɗaya da dabino da shinkafa da mai ga iyalan Afganistan da Sudan. A makon ne maigidan ya nemi rancen sayen tsohuwar mota daga asusun bashi marar ruwa na al'ummar, bayan ya tambaye ni sau biyu ko da gaske babu ko sisin riba a kai, kuma mutum biyu daga masallacin garin suka tsaya masa. Ƙa'idar aiki ta hana ni ci gaba da zuwa gidansu bayan na miƙa fayil, na kuma faɗa wa tsohuwa haka ƙarara, da ranar da zan daina zuwa. Ba ta ji daɗi ba, amma ta sa mini albarka.

Na sake ganin maigidan a filin Idi a 2025. Ya gama biyan kuɗin motar, yana kan biyan na jirgi, an ba shi kula da wani sashe a wurin wankin, kuma yaron ya koma karatu da rana yana aiki da dare. Tsohuwa ta rasu a sanyin da ya wuce. Na tambaye shi ƙanensa. Ya ce an riga an yi masa tambayoyi da gwajin lafiya, sai aka dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira a watan Janairun shekarar, kuma tun da sabon yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 sansanin ya cika har abincin da ake aunawa ya ragu. Duk wata yana aika masa abin da ya samu, bayan ya fitar da kuɗin haya.